Na Bar Rairayin Damagaram Na Je Kallon Na Lyon

Damagaram zuwa Yamai

Ana kiran assalatu na kulle ƙofar gidana, maƙwabcina ya sauke ni a tashar kar, babbar motar fasinja, da akwati ɗaya da jakar hannu. Tun da na yi ritaya daga koyarwa a lakwal ban yi tafiyar da ta wuce Maraɗi ba, sai ga ni da bizar Faransa ina ta shafa jaka ina duba ko tana nan. Ga abin da ya fitar da ni. Yayata Dije tana zaune a Saint-Denis, gefen Paris, tun tana amarya. Mijinta Malam Isa ya je karatu ya zarce da aiki, ya rasu a can ya bar ta da 'ya'ya biyu, Lawali da ƙanwarsa Nana. Lawalin nan shi ne ɗan wasan ƙwallon raga na kan rairayi, wanda da yawanku kun sha ganin hotonsa a wayata, ko kun so ko ba ku so ba.

Nana ce ta kira ni wata ranar Juma'a, gaisuwar ma a gajarce ta yi ta.

"Tanti Rabi, Lawali zai buga wasansa na ƙarshe a Lyon. Kafaɗarsa ta gaji. Ya samu aikin koyar da wasa a Réunion, wani tsibiri can tsakiyar teku, kuma ya ce in Mama ba ta zo ta gan shi ba ko sau ɗaya, zai tahi ba sallama. Da gaske yake, Tanti. Har ya saki ɗakin da yake haya."

Na ce, "Ke kuma kina zaune kina kallo?"

Ta ce ta yi magana har bakinta ya gaji.

Lawali ɗan fari ne, kuma Yaya Dije mace ce ta da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yabonsa, ba ta zama inda ake zancensa. A gida wannan ba komai ba ne, domin ɗan fari yana da kaka da gwaggo da inna masu ɗaukarsa su goya, su yi masa kirari. Shi kuwa an haife shi a bene na tara, babu kaka babu gwaggo, uban da yake raka shi filin wasa kuma ƙasa ta rufe shi. Na san haka, shi ya sa ban yi dogon tunani ba.

Kar ɗinmu ta tashi gari bai waye ba. A Maraɗi muka karya da shayi da burodi, a Ƙonni muka yi azahar muka ci shinkafa da wake. Kowace bariya jandarma ya hau, mu miƙa katin ɗan ƙasa, ya duba fuska ya duba hoto. Wani dattijo ɗan kasuwar albasa da ke kujerar gefena ya tambaye ni abin da zai kai ni ƙasar Nasara.

Na ce, "Kallon ƙwallo a kan rairayi, Alhaji."

Ya dube ni, ya dubi taga, inda rairayi ya shimfiɗu har iyakar ido. Ya ce, "Hajiya, da kin faɗa tun a tasha, da mun sa direba ya tsaya nan kin yi kallonki kin koma gida." Direban ma ya ji, ya ce in ina so zai cika mini buhu kyauta. Haka suka yi ta tsokanata har Doso. Mun shiga Yamai bayan magariba, ƙafafuna sun kumbura sun cika takalmi. Na sauka gidan wata tsohuwar ɗalibata, washegari ita ta kai ni filin jirgi.

Saint-Denis

Da safe muka sauka a Paris. Wani ma'aikacin duwan, masu binciken kaya, ya buɗe akwatina, ya zaro ƙullin daddawa, ya kwance, ya kai hanci. Abin da fuskarsa ta yi ya ishe ni dariyar shekara. Na yi masa bayani da Faransancin da na koyar shekara da shekaru, ya mayar ya ɗaure da kansa, ya ce in wuce da abina.

Nana ta ɗauke ni a ƙaramar motarta. Unguwar tasu dogayen benaye ne masu kama da juna, a ƙasansu shagunan Larabawa da na mutanen Mali, ga mahauci ga mai burodi. Muka hau asansar, na'urar hawa bene, zuwa bene na tara. Yaya Dije ta buɗe ƙofa, muka rungume juna muka yi kuka, sannan muka zauna gaisuwa, ta bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa ba ta ji ba.

Ta tsufa fiye da yadda nake zato. Hannuwanta ne suka fi tayar mini da hankali, fatar duk ta tsattsage. Ta ce ciwon fata ne, lokotoro ya hana ta yawan taɓa ruwa, shekaru ke nan taimama take yi. Da lokacin salla ya yi ta jawo wani faffaɗan kwanon sha daga ƙarƙashin gado, ta cire murfi, sai ga rairayi a ciki, mai laushi, wani fari, wani ja-ja, wani kamar garin gero, duk a gauraye. Ta buga tafukanta a kai ta shafi fuska.

Na ce, "Yaya, mutane a nan ai dutse suke ajiyewa. Ina kika samo rairayi a bene na tara?"

Ta ce, "Rairayi ne, Rabi. Tashi ki yi alwala." Ta mayar da murfi.

Na duba falon da kyau. Hoton Nana ranar da ta gama jami'a yana bango, ga na marigayi, ga na Ka'aba. Na Lawali babu ko ɗaya. Kofunan da ya ci da lambobinsa suna cikin kwali a saman kabad ɗin Nana. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, domin baƙon da ya iso yau ba ya fara da faɗa.

Bakin kogin Seine

Kwana biyu da zuwana Lawali ya zo ya ɗauke ni. Sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa. Ya durƙusa ya gaida uwarsa, ta amsa tana kallon tukunya. Ni kuwa na kama kunnensa na ce, "Lawali, wannan tsawo duk na mene ne, ko rimi kake son zama?" Na faɗi sunan da ƙarfi da gangan. Yaya ta tashi ta shige kicin.

Muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya riƙe mini hannu a matakala, muka fito tsakiyar gari. Da zafi ya shigo, mutanen Paris kan sa manyan motoci su zubo rairayi a gefen kogi, su kafa lema, su kwanta suna gasa jiki. Na tsaya ina kallon ikon Allah. Abin da nake sharewa daga ɗakina kullum safe, shi aka kewaye da igiya aka sa masa mai gadi.

Ya ce a irin wannan wuri ya fara. Yana yaro ƙwallon raga na cikin zaure yake bugawa a lakwal ɗinsu, mutum shida kowane gefe. Wata shekara babansa ya kawo shi yawo nan, ya ga ana buga na mutum biyu-biyu ba takalmi, wani ya rasa abokin wasa ya yafito shi. Daga ranar bai koma zaure ba. Ya ba ni labarin shekarun da ya yi yana aikin ɗaukar kaya a kanti da safe, da yamma atisaye, da yadda shi da abokin wasansa Juliyen suka kwana a mota a garuruwan bakin teku kafin a san da su. Daga baya suka ci gasar ƙasa, aka sa musu rigar Faransa, suka buga a Brezil da Maroko da ƙasashen da ban iya faɗar sunansu ba. An yi masa aiki a kafaɗa, mutane suka ce ya gama, ya dawo ya sake cin kofi. Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe da Faransanci, amma tana isa.

Na tambaye shi yadda mutum biyu suke tsare fili mai faɗi haka. Ya ce shi ne mai tsayawa a raga ya tare ƙwallo, Juliyen yana baya yana kwasowa. Kafin a buga, sai ya kai hannu bayansa ya nuna yatsu. Yatsa ɗaya, zai tare wannan ɓangare, Juliyen ya tsare wancan. Yatsa biyu, akasin haka. Abokan hamayya ba sa gani.

Ni da na saba da aji, nan take na ga darasi. Na ce, "To ka gani? Kai ma ba da baki kake magana da wanda ka fi yarda da shi ba. Haka uwarka take. Kunyar ɗan fari ce, ba ƙi ba ce."

Ya yi murmushi mara daɗi. Ya ce, "Tanti, Juliyen yana ganin yatsun. Ni tun da aka haife ni nake duba bayan Mama, ban ga komai ba. Ranar da na ci gasar ƙasa na kawo mata kofi, ta ce da Nana a ɗauke shi daga tabur za a sa abinci. Bon, na san al'ada ce. An faɗa mini sau dubu. Amma ni a nan aka haife ni, kuma na gaji."

Muka sayi wainar fulawa mai sukari a hannun wani ɗan Tunisiya, muka ci muna kallon jiragen ruwa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Yadda aka shawo kan Yaya

Na yi lallashi, na yi wa'azi, na yi fushi. Yaya ta ce ita ba za ta zauna cikin taro ana kiran sunan wancan a lasifika tana ji ba, mutane su juyo suna nuna ta. Na ce wane mutum, Yaya, su wa suka san ki a Lyon? Ta ce ita ta san kanta. Batun Réunion kuwa Lawali ya hana a gaya mata, ya ce ba ya son ta zo don tsoro.

Nana ce ta samo dabara. Akwai Hajiya Mariyama, mutuniyar Tawa, ƙawar Yaya tun zuwansu Faransa, tana zaune a Rillieux-la-Pape kusa da Lyon, ɗiyarta ta haihu kuma Yaya ba ta je barka ba. Da aka ambaci wannan sai ta ce, "Barka kam wajibi ce." Ba ta tambayi dalilin da ya sa barkar ta faɗo ranar wasa ba, mu ma ba mu gaya mata ba. Ta ƙulla turmin atamfa da sabulu, ta zuba ɗan rairayinta a ƙaramin gwangwani don hanya.

Jirgin ƙasa zuwa Lyon

Da hantsi muka shiga jirgin nan mai gudu. Tafiyar da za ta kai daga Damagaram zuwa Ƙonni, cikin awa biyu ya cinye ta, ko ruwan kofina bai motsa ba. Gonaki kore shar, shanu farare masu ƙiba kamar an hura su, ƙauyuka kowane da cocinsa. Babu bariya, babu jandarma, sai mai duba tike da ya ce mana bonjur ya wuce. Na je sayen shayi, da aka faɗa mini kuɗinsa na dawo na ce da Nana ƙishin ya wuce.

Yaya tana gefen taga da carbinta. Muna tsakiyar tafiya ta ce, ba ta dube ni ba, "An ce can akwai iska?"

Nana ta ce akwai, garin tsakanin koguna biyu yake.

Ta ce, "Iska ba ta da kyau ga ƙwallon nan." Ta ci gaba da jan carbi. Ni da Nana muka dubi juna.

Rillieux-la-Pape

Daga tashar Lyon muka hau bas, ta yi ta hawa tudu da mu har unguwar. Nan ma benaye ne, amma da sarari da itatuwa, kana hango garin a ƙasa. Hajiya Mariyama ta tarbe mu da guɗa tun daga matakala.

"Dije! Yau wace rana! Mi ya hito da ke daga ramin nan naki? Ku shigo, ku shigo, ga jinjirar can tana ta kiran ki."

Aka kawo tuwon semul da miyar kuka, da naman rago, da lemun zoɓo. Aka yi barka, aka ɗauki jaririya, aka yi mata addu'a. Mijin Hajiya, wanda ya yi aikin bincike a jami'a har ya yi ritaya, ya ce shi duk wasan Lawali da aka nuna a talabijin ya kalla, kuma yaran unguwar nan 'yan Nijar da shi suke alfahari. Yana cikin magana Yaya ta ce za ta je ta duba ko jaririya ta farka, alhali jaririyar tana hannun Nana.

Da safe Hajiya ta yafa mayafi ta ce, "Mu tahi gari mu sha iska, Dije, ba zan bar ki a ɗaki ba." Yaya ta bi ba musu.

Ranar wasa

A wani babban dandali na tsakiyar Lyon aka zuba rairayin, aka kafa raga, aka kewaye da kujeru hawa-hawa. Kiɗa yana tashi, wani mai lasifika yana ta ihu. Yaya ta zaɓi layin can sama, kujerar ƙarshe, ta juya rabin jikinta wajen gine-gine. Lawali ya shigo fili da Juliyen, wani gajeren Bature mai sanƙo. Ya ɗaga kai yana neman mu, ya gan mu, ya ga uwarsa tana kallon tattabaru a kan rufi.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Kada ƙwallo ta taɓa ƙasa a gefenka, taɓawa uku ka mayar. Bayan 'yan bugu sai su canza gefe don kada rana da iska su cuci ɓangare ɗaya. Amma ganinsa da ido daban ne. Mutum ya yi tsalle daga cikin rairayin da ke riƙe ƙafa, ya faɗi da ƙirji, ya tashi kamar an tsoma shi a gari, ya sake tsalle. Na ga yatsun Lawali a bayansa, na ga Juliyen yana gudu inda aka nuna masa tun kafin ƙwallo ta taso. Sun ci wasan safe suka kai na ƙarshe. Ni dai na manta da shekaruna, na yi ihu har ɗankwalina ya zame.

Wasan ƙarshe bayan azahar aka yi shi, da wasu samari biyu da Lawali ya girme su nesa. Su Lawali suka ci zagayen farko, aka cinye su na biyu. A na uku na lura duk lokacin da ya ɗaga hannun dama sai ya cije leɓe. Samarin ma sun lura, suka yi ta aiko masa da ƙwallo ta nan. Bugun ƙarshe ya yi tsalle, yatsunsa suka taɓa ta, ta zame ta faɗi bayan layi. Shi ke nan.

Mai lasifika ya ce wannan ne wasan Lawali na ƙarshe, ya lissafo abin da ya yi a shekarunsa. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi suna kiran sunansa. Samarin da suka cinye shi suka rungume shi. Na juya, Yaya tana zaune, idonta a kan carbi.

Da aka rataya masa lambar na biyu, ya hawo matakala har inda muke, gumi da rairayi a jikinsa, ya durƙusa.

"Mama, sannu da zuwa."

Yaya ta dube ni ta ce, "Rabi, ki ce wa wancan ya sa riga. Gumi da iska ba su haɗuwa."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe ya ce, "Kin gani, Tanti? Wala, ga shi nan." Ya juya ya sauka.

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Yaya, wallahi kin ba ni kunya. Yaron nan ya gama wasa ke nan har abada, kalma ɗaya ta gagare ki? Wace irin alkunya ce wannan da za ta raba ki da ɗanki?" Hajiya Mariyama tana taɓa ni, ban saurara ba.

Yaya ta miƙo hannu. Ta ce, "Ba ni gorar ruwan nan da kika shanye."

Na miƙa mata don haushi. Ta tashi tana dafa kujeru, ta sauka matakala ɗaya bayan ɗaya. Jama'a sun fara watsewa. Ta isa bakin fili, ta cire takalmi ta taka rairayin. Wani mai gadi ya taso zai hana ta, Juliyen ya ɗaga masa hannu ya ce mahaifiyar Lawali ce. Ta wuce kai tsaye zuwa gindin raga, gefen dama, daidai inda ƙafafunsa suka sauka a tsallen ƙarshe. Ta durƙusa da ƙyar, ta fara ɗibar rairayi da tsattsagaggen hannunta tana ɗurawa a gorar.

Na sauka da gudun da ban san ina da shi ba, na cafko hannun Lawali yana tattara jakarsa, na jawo shi. Nana ta biyo mu.

Na ce, "Yaya, me kike yi?"

Ni ta amsa wa, ba ta ɗago ba. "Na gida duk daga jakarsa na kakkaɓe shi, da tawul ɗinsa, da aljihun wandonsa in ya kawo wanki. In wanke rairayin in shanya in zuba a kwano. Farin nan na Brezil ne. Jan na Maroko. Duk inda ya je na san kalar ƙasar wurin." Ta ƙara ɗiba. "Yanzu an ce wannan ne na ƙarshe, jakar ba za ta sake zuwa da komai ba. Gara in ɗiba da hannuna. Kuma kafaɗar ce ta kayar da shi, tun zagaye na biyu yake kare ta."

Nana ta rufe baki, ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka a shagon masu furanni Mama take saye.

Na dubi Lawali. Ya san kwanon, ya sha ganinsa a ƙarƙashin gado. Ya san abin da take yi da shi sau biyar a rana, ta buga tafi a kai ta shafa a fuskarta kafin ta tsaya gaban Ubangiji. Ni kuwa hawaye kawai nake yi, kunyar maganar da na gaya mata ta rufe ni.

Gorar tana ta faɗuwa saboda bakinta ƙarami ne. Ya durƙusa gabanta ya riƙe mata, tana zubawa, rabi yana shiga rabi yana bin yatsunsa. Da ta cika ya rufe, ya ce, "Mama, na samu aiki a Réunion. Da nisa. Ina son ki ba ni izini."

Ta dubi raga. Sannan ta ɗora hannunta a kafaɗar da aka yi wa aiki, ta ce, "Allah ya kai lahiya. Allah ya yi albarka, ya sa a gama da duniya lahiya." Ta ɗauke hannun, shatin yatsunta na rairayi ya zauna a fatar. Ta ce da ni, "Har yanzu bai sa rigar ba."

Ya yi dariya yana share ido, ya je ya sa.

Komawa gida

Tare muka koma Paris, shi ya ɗauki jakar uwarsa. Na ƙara mako biyu a Saint-Denis, na ga tafiyarsa. Ya kwana a gidan, ya ci tuwo, ya durƙusa ya yi sallama, ta amsa tana kallon tukunya kamar kullum, shi kuma ya fita yana murmushi. Bayansa ni ma na hau nawa jirgin zuwa Yamai, na kwana gidan ɗalibata, na bi kar ta Doso da Ƙonni da Maraɗi. Na iso Damagaram da la'asar sakaliya, na buɗe ɗakina na tarar rairayi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya yi shimfiɗa. Na ɗauki tsintsiya, na tsaya na ɗan dube shi, sannan na share.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Nana da ta kira ni, da Hajiya Mariyama da maigidanta da suka sauke mu, da ɗalibata ta Yamai, da Juliyen da ya ɗaga wa mai gadi hannu, da Alhaji mai albasa da ya rage mini nisan hanya.

Bayan wata biyu Nana ta kira ni. Ta ce ƙunshi ya zo daga Réunion da sunan Mama, suka buɗe, babu komai ciki sai kwalba cike da rairayi baƙi ƙirin, irin na bakin tekun can. Yaya ta murza shi a yatsa, ta jawo kwanonta ta juye, ta gauraya. Na ce to me ta ce? Nana ta ce, "Cewa ta yi, ki ce wa wancan saƙo ya iso."